Farfesa Osinbajo da fitowar Yayana daga gidan yari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Agege ce a Legas, a nan aka yanke min cibiya, a nan na yi firamare da sakandare da islamiyya, duk da dai asalinmu Kanawa ne, kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi kudu tun lokacin da jirgin ƙasa ke aiki sosai, ya zauna ya yi aure ya hayayyafa. Yanzu ni lauya ce, ina zaune a Kano da maigidana da yarana, kuma labarin yadda na zama lauya ba ya faɗuwa sai an sako sunan tsohon mataimakin shugaban ƙasa Farfesa Yemi Osinbajo a ciki, mutumin da ban taɓa zama da shi ba, bai ma san ina duniya ba. Na daɗe ina son in rubuta wannan saboda duk sanda aka tada zancensa a nan arewa abu biyu kawai nake ji, ko a ce ai fasto ne, ko a ce ya ci amanar Tinubu, daga nan kuma sai a wuce wani zancen, alhali ni na san wani aikinsa da ya shigo har tsakar gidanmu.

Wanda bai zauna Legas ba tsakanin 1999 da 2002 ba zai gane irin zaman ɗar-ɗar ɗin da Bahaushe ya yi ba. An yi rikicin Shagamu, an yi na Ketu da Mile 12, an yi na Ajegunle, daga baya na Idi-Araba a farkon 2002, lokacin ƙungiyar Yarabawa ta OPC na tashe, in dare ya yi ka ji hayaniya a bakin layi sai Inna ta tashe mu ta ce kowa ya sa takalminsa ya zauna. Baba dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba amma lokacin ciwon suga ya fara kwantar da shi, don haka nauyin gida ya koma kan babban Yayanmu, shi kuma aikin gadi yake yi a gidan wani mai kuɗi can wajen Ikeja. A 2001 'yan fashi suka shiga gidan cikin dare, suka ɗaure shi da wayar lantarki suka fasa masa kai da gindin bindiga suka kwashe abin da za su kwasa. Gari na wayewa 'yan sanda suka zo suka ce ya biyo su ya ba da bayani kawai ya dawo. Haka aka tafi da shi da jini a rigarsa, ko asibiti ba a biya da shi ba.

Duk wanda ɗan uwansa ya taɓa yin gadi a kudu ya san wannan, in aka yi sata a gida maigadi ne farkon wanda ake kamawa, wai ai da haɗin bakinsa. Bayan ya yi kwanaki a sel aka kai shi kotun majistare aka karanta masa tuhumar haɗa baki da fashi da makami da Turancin da bai ji ba, majistare ya ce shi ba shi da hurumin sauraron shari'ar fashi, babbar kotu ce ke da shi, don haka ba zai iya ba da beli ba, a kai shi gidan yari a ajiye har sai lauyoyin gwamnati sun duba fayil sun ba da shawara ko akwai hujjar da za a gurfanar da shi. Lokacin ban gane komai ba, ina aji huɗu na sakandare, sai daga baya da na yi karatun na gane wannan shi ne ramin da dubban mutane ke faɗawa a ƙasar nan, ba a yanke maka hukunci ba, ba a ma fara shari'arka ba, kana dai jira, kuma in ba ka da wanda zai bi maka fayil ɗin to sai ka shekara biyar ko goma a ciki ba wanda ya tuna da kai. Har gobe mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin Najeriya 'yan jiran shari'a ne, kusan kashi biyu cikin uku.

Ba inda ba mu je ba. Kawunnanmu sun je wajen dattawan unguwa, an yi ta aike, an yi saukar Alƙur'ani, sai wani mutum mai kwat da jaka da ke yawo a harabar kotu ya tare Inna ya ce shi lauya ne kuma ya san majistaren, a kawo kuɗi cikin sati biyu yaro na gida. Inna ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal da ta ajiye tun aurenta, ta haɗa da kuɗin adashe ta ba shi, ya karɓa sau biyu, na ukun muka neme shi sama ko ƙasa. Matar Yaya tana da ciki lokacin da aka kama shi, ta haihu aka yi suna ba ya nan, yarinyar ta yi rarrafe ta miƙe ta fara tafiya ba ta san ubanta ba. Ranar ziyara mukan kai masa garin rogo da suga da ƙuli-ƙuli da sabulu, ka same shi duk ƙazuwa ta ci masa hannu da wuya, ya rame idanu sun faɗa, amma shi ne ma ke ba Inna haƙuri yana cewa Inna ki daina kuka, Allah na nan, yaya jikin Baba. Wallahi har yau in na tuna muryarsa a wajen nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

An shiga shekara ta biyu, wata maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da burodi, muna ce mata Iya, ta shigo ta ce wa Inna ta ji a rediyo gwamnatin jiha ta buɗe ofishin lauyoyi masu tsaya wa talaka kyauta, ana ce masa OPD, me zai hana mu gwada. Inna ta ce Iya ni na gaji da lauyoyi, ba ni da sauran abin sayarwa. Iya ta ce ba kuɗi ake biya ba, ta rantse, ta ce in ma ƙarya ne ai kuɗin mota kawai muka yi asara. Ni aka ɗauka tafinta saboda ni ce mai ɗan Turanci a gidan. Muka hau danfo muka je, aka ba mu benci muka zauna, aka kira mu wajen wata matashiyar lauya, Bayarabiya ce kirista, ta miƙe ta gaida Inna ta ce Mama ki zauna, ta kawo mata ruwa. Tambaya uku ta yi mana, wace kotu ce, mene ne lambar ƙarar, yaushe rabon da a fito da shi kotu. Biyu daga ciki ba mu sani ba. Ba ta yi tsaki ba, ta ce ba komai za ta nemo, ta rubuta sunansa da gidan yarin da yake. Inna ta kwance bakin zani za ta ba ta ɗan abin da ta zo da shi, ta riƙe hannun Inna ta ce a'a Mama, an riga an biya ni.

Abin da ta gano ya fi komai ba ni takaici, ashe tun ranar da aka kai Yaya gidan yari fayil ɗinsa bai taɓa barin caji ofis ɗin da aka kama shi ba, ɗan sandan da ke binciken an yi masa canjin wajen aiki, fayil na cikin kabad, lauyoyin gwamnatin da ake cewa ana jiran shawararsu ba su ma san da zancen ba. Ita ta yi ta zirga-zirga, ta rubuta wasiƙa ta sake rubutawa, ta je da ƙafarta har aka tura fayil ɗin, da aka buɗe kuma ba komai a ciki sai bayanin maigidan da ya ce yana zargi kawai, ba shaida ko ɗaya, ba a samu ko tsinke a wajensa ba, ga tabon duka a kansa. Shawara ta fito cewa ba shi da tuhumar da zai amsa, majistare ya sallame shi a 2003. Baba ya ga dawowarsa, ya rayu wata 'yan kaɗan bayan nan Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Inna kullum cewa take da ma jiran ɗansa yake.

A harabar kotun nan ranar sallama na tambaye ta, na ce Anti wai wa ke biyanki. Ta yi dariya ta ce gwamnatin jiha, kuma wanda ya kafa ofishin shi ne kwamishinan shari'a, Farfesa Osinbajo, ta ce malaminta ne ma, shi ya koya mata dokar shaida a Jami'ar Legas. Ranar na fara jin sunan, ban ma iya faɗarsa daidai ba, na rubuta a bayan littafin lissafina.

Daga baya da na shiga harkar na bi tarihinsa sosai. An haife shi a Legas a 1957, ya yi Igbobi College, ya karanta lauya a Jami'ar Legas ya gama a 1978, ya je Landan ya yi digiri na biyu a makarantar LSE, ya dawo ya fara koyarwa a 1981 yana ɗan shekara 24 kacal. Ya yi wa Bola Ajibola mai ba da shawara lokacin yana ministan shari'a zamanin Babangida, ya yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya a Somaliya, ya zama farfesa kuma shugaban sashe a tsangayar lauya. Sai a 1999 Tinubu ya ci gwamna ya ɗauko shi daga jami'a ya ba shi atoni-janar kuma kwamishinan shari'a, ya yi shekara takwas cif har 2007. Abin da ya sa nake ganin girman wannan shekaru takwas ɗin shi ne, kafin shi ma'aikatar shari'a ta jiha aikinta kawai ta gurfanar da mutane ta kuma kare gwamnati in an kai ta ƙara, shi ne ya ce ai talakan da ake tuhuma shi ma ɗan jiha ne, harajinsa ke biyan albashin lauyoyin nan, don haka dole a samu waɗanda aikinsu tsaya masa ne ko da gwamnatin ce ke ƙararsa. A 1999 aka buɗe cibiyar sasanci ta jama'a inda mai gida da ɗan haya ko ma'aikaci da ubangidansa za su zauna a sulhunta su kyauta ba sai an je kotu ba, a 2000 aka buɗe OPD. An gyara albashin alƙalai an ba su gidaje, a ɗaya hannun kuma an sallami majistare fiye da 20 da wasu alƙalan babbar kotu kan cin hanci, an sake dokokin tafiyar da ƙara a babbar kotu a 2004, sannan a 2007 Legas ta zama jiha ta farko da ta yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wadda tarayya ta zo ta yi irinta a 2015. Kuma lokacin da Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda sababbi 37 da jihar ta ƙirƙira, shi ya jagoranci ƙarar har kotun ƙoli, a ƙarshen 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin.

Da na ce lauya zan karanta gidanmu ya rabu biyu. Kawu ya ce ina aka taɓa yi, 'ya mace da tsayuwa gaban alƙali tana gardama da maza, kuma ai lauya mai da ƙarya gaskiya ne aikinsa, a yi mata aure kawai. Yaya ne ya tsaya, shi da ba ya musu da manya, ya ce Kawu ka yi haƙuri, da ba don wata 'ya mace ta yi wannan karatun ba da yanzu ƙila gawata aka ba ku. Acaba ya koma yi bayan fitowarsa don ya ce shi da gadi har abada, da kuɗin acaban nan ya saya min fom, ya kai ni tasha na taho Kano wajen gwaggonmu na shiga Jami'ar Bayero, inda ake haɗa maka dokar Bature da shari'ar Musulunci a karatu ɗaya, daga nan na wuce makarantar lauyoyi ta Bagauda. A ajin dokar shaida, fannin da shi farfesan ya ƙware a kai har ya rubuta littafi, a nan na zauna ina jin malami na bayanin cewa wanda ya yi zargi shi zai kawo hujja, kuma tsarin mulki a sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, sashe na 35 kuma ya iyakance kwanakin da za a tsare mutum ba a kai shi kotu ba. A ɗaya ajin kuma malamin fiƙihu yana karanta mana hadisin da muka haddace tun islamiyya, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Wato duk ta inda ka biyo, ta boko ko ta addini, abin da aka yi wa Yaya haramun ne, dokar tana nan a rubuce tun kafin a kama shi, wanda zai tashi ya bi ta ne babu.

A Disambar 2014 da Buhari ya sanar da shi a matsayin mataimaki mutane da yawa a nan Kano ba su san shi ba, ana ta tambaya wai wane ne wannan ɗan gajeren, wasu na cewa fasto ne a cocin Redeemed, wasu na cewa matarsa jikar Awolowo ce, duk gaskiya ne. Ni kam har sujada na yi. Mutum ne da bai taɓa tsayawa ko kansila ba, daga aji sai kotu sai coci, kuma kowa ya san lissafin da ya kawo shi, ana son kirista daga ƙasar Yarabawa kuma daga gidan Tinubu tunda an ƙi yarda da Musulmi biyu a tikiti ɗaya a lokacin. Na kira Yaya na ce Yaya ka san wa aka ɗauka, mutumin nan ne mai ofishin da ya fito da kai. Ya yi shiru ya ce to ai ko ba Buhari ni na samu wanda zan zaɓa. Ran 28 ga Maris 2015 ni a Kano shi a Agege muka bi layi.

Lokacin da na fi ganin ko shi wane ne shi ne 2017, da Buhari ya tafi Landan jinya har sau biyu, na biyun ya wuce kwana 100, shi ya riƙe ƙasar a matsayin muƙaddashi. A watan Yuni wasu ƙungiyoyin matasan arewa suka taru a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin su bar arewa kafin 1 ga Oktoba. Masu tafi a Facebook ba su san me wannan ke nufi ga irinmu ba, ni uwata da yayyena da ƙannena duk suna kudu, duk abin da aka yi wa baƙo a Sabon Gari a kan ɗan arewa mai shayi da mai facin takalmi da mai tura baro a Fatakwal da Onitsha da Legas ake ramawa, mun gani da idonmu muna yara. Sati biyu ban yi barcin kirki ba. Shi kuma ya yi ta kiran taro ɗaya bayan ɗaya, dattawan arewa daban, na kudu maso gabas daban, sarakuna daban, gwamnoni daban, yana faɗa wa kowane ɓangare a fili cewa tsarin mulki ya ba kowa damar zama inda ya so kuma gwamnati ba za ta bar kowa ya karya wannan ba, har wutar ta lafa aka janye wa'adin. Sannan ran 7 ga Agusta 2018 da jami'an DSS suka rufe fuska suka tare ƙofar majalisar tarayya, lokacin ma shi ne muƙaddashi, kafin la'asar ya sallami shugabansu Lawal Daura, mutumin da kowa ke ganin ba mai iya taɓa shi. Mu lauyoyi ranar a harabar kotu ba zancen da ake sai wannan.

Amma akwai abin da ya tsaya min a rai kuma ba zan ɓoye shi don ina ƙaunarsa ba. Gwamnatin da yake mutum na biyu a cikinta ta riƙe Sambo Dasuki daga ƙarshen 2015 har Disambar 2019, kotu bayan kotu tana ba da beli ana ƙin sakinsa. An kashe ɗaruruwan mutane a Zariya a Disambar 2015, kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya ji shaidar an binne 347 a rami ɗaya, babbar kotun tarayya ta ce a saki Zakzaky da matarsa a Disambar 2016 aka yi biris da umarnin. Ni ba 'yar shi'a ba ce kuma ba ruwana da siyasar Dasuki, amma ni ƙanwar mutumin da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ce, na san yadda gidan da aka yi wa haka yake kwana. Farfesan da ya koyar da cewa umarnin kotu ba abin wasa ba ne, babban lauya mai SAN, yana zaune a fadar ana wannan. Na san mataimaki a tsarinmu ba shi da iko sai wanda shugaba ya ba shi, ba shi ke ba sojoji ko DSS umarni ba in mai kujerar na nan, na kuma san an yi ta rage masa ƙarfi bayan 2019, amma duk da haka na so in ji muryarsa a fili a kan waɗannan, ban ji yadda nake so ba, kuma abin na min ciwo har yanzu. Ga Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da aka yi ta zubar da jini duk a shekarun nan. Shirye-shiryen da suka kasance ƙarƙashin ofishinsa irin su N-Power mai dubu 30 a wata da ciyar da 'yan firamare sun taimaki mutane da na sani, TraderMoni kuwa da ya riƙa shiga kasuwa ana raba dubu goma-goma dab da zaɓen 2019, ko ni sai da na ce lokacin da aka zaɓa bai yi kyau ba.

Duk da haka da ya fito ran 11 ga Afrilu 2022 ya ce yana neman shugaban ƙasa na bi shi, da zuciya ɗaya, don a cikin duk waɗanda suka sayi fom ɗin nan na jam'iyyar APC na naira miliyan 100 shi kaɗai ne na taɓa ganin aikinsa a jikin ɗan uwana. Muka haɗa guruf a WhatsApp mu mata, lauyoyi da malaman makaranta da 'yan kasuwa, muna ta rubutu muna ta muhawara, an zage ni ba kaɗan ba, wai ina Musulma ina tallan fasto. Ni kuma amsata ɗaya ce, ranar da Inna ta zauna a bencin ofishin nan ba wanda ya tambaye ta addininta ko garinsu. Masu cewa ya ci amanar Tinubu kuma, na yarda Tinubu ne ya ɗauko shi a 1999 ya kuma miƙa sunansa a 2014, ba wanda ke musun wannan, amma ni ban ga inda aka rubuta cewa wanda aka taimaka ya haramta ya nemi kujerar da tsarin mulki ya ba shi damar nema ba, mulkin mutum miliyan 200 ba bashi ba ne da za a biya wani da shi.

Sai dai duk wannan surutun namu a waya ya ƙare, don ba mu ne masu zaɓen ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta cire daliget na dindindin, wato hatta shi kansa da Buhari da gwamnoni da sanatoci ba su da ƙuri'a a zaɓen fidda gwanin, sai mutum uku-uku daga kowace ƙaramar hukuma, 774 sau uku, mutum dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai, kuma kowa ya san gwamna ne ke rubuta sunayen nan a jiharsa. Baffan maigidana yana cikinsu, na je har gida na durƙusa na gaishe shi na kwashe labarin Yaya kaf na faɗa masa, ya saurare ni har ƙarshe ya ce Allah sarki, Barista 'yata wallahi na yarda mutumin kirki ne kuma ya fi su ilimi, amma ni abin da mai girma gwamna ya ce shi zan yi, in na saɓa gobe da wane ido zan kalle shi, ke kina da aikinki ni siyasar nan ita ce gonata. Ban ji haushinsa ba, gaskiyarsa ya faɗa min. Farfesa ya zagaya jihohi yana zama da daliget yana musu bayanin tattalin arziki da tsaro da gyaran kotuna, suna tafi, shi kuma Tinubu ya shekara fiye da ashirin yana gina mutane, gwamnoni da ministoci da ciyamomi duk sun ci ta hannunsa, ga zancen dalolin da aka ce sun yi yawo a otal-otal ɗin Abuja ya cika jaridu.

Daren 7 ga Yuni da aka yi zaɓen fidda gwanin a Eagle Square da ke Abuja ina zaune gaban talabijin har asuba, 'yan takara suna hawa mumbari ɗaya bayan ɗaya suna janye wa Tinubu, Akpabio, Amosun, Fayemi, Bankole, har da Badaru na Jigawa. Farfesa ya hau ya yi jawabinsa tsaf ba tare da ya zagi kowa ba. Washegari aka ƙirga, Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Na uku ya zo, mataimakin shugaban ƙasa mai ci. Na yi kuka sosai, ba wai don ban zata ba, tun maganar Baffa na san inda aka dosa, abin da ya sa ni kuka shi ne ganin cewa duk wani aikin da mutum zai yi wa irin su Yaya ba ya cikin abin da ake aunawa a wajen nan, don irin su Yaya ba sa cikin mutum dubu biyun. Yaya ya kira ni da hantsi ya ce ke Barista kuka kike, ai mulki na Allah ne, ni dai ya riga ya yi min nawa, Allah Ya saka masa. Bai fita daga jam'iyya ba, bai kai ƙara ba, ya ƙarasa wa'adinsa ran 29 ga Mayu 2023 ya sauka, wata guda bayan nan ma shi ya jagoranci tawagar Commonwealth da ta sa ido a zaɓen Saliyo.

Ni yanzu a ofishina na ware rana guda a sati ba na karɓar kuɗi, ta 'yan jiran shari'a ce, kuma abin da nake gani a nan arewa bai bambanta da na Yaya ba, ɗan acaba, almajiri, Bafulatanin da aka kamo a kasuwar ƙauye don kawai kamanninsa, fayil na kabad iyaye na gida suna kuka suna sayar da akuya suna ba 'yan damfara. Don Allah duk wanda aka tsare masa ɗan uwa, kafin ka ba kowa ko sisi ka nemi abu ukun nan da aka tambaye mu, sunan kotun, lambar ƙarar, da ranar ƙarshe da aka fito da shi, ka rubuta a takarda, sannan ka tambaya ko an tura fayil ma'aikatar shari'a don neman shawara da kuma ranar da aka tura. Ka je ofishin Legal Aid na jiharku, kyauta ne, ko reshen ƙungiyar lauyoyi, in mace ce ko yaro ka nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Dokar tarayya ta 2015 ta ce umarnin ajiye mutum a gidan yari kafin shari'a ba ya wuce kwana 14 a karon farko, in za a ƙara sai an dawo gaban kotu an faɗi dalili, ta kuma ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke sel, kuma jihohi sun yi nasu irin dokar, ka sa lauyan ya duba ta jiharku ya ga kwana nawa ta yanka.